Yadda ƙaramar ƙungiya za ta binciki halin mata talakawa, ta kuma yi aiki da abin da ta gano

"Ni ai ba na aikin komai, 'yar nan. Zaman gida kawai nake yi."

Amsar da wata mata ta ba ni ke nan a shekarata ta farko a ƙungiyar sa-kai, da na tambaye ta sana'arta. Na rubuta "ba ta aiki" a takardar tambayoyi, na gangara layi na gaba. Ina wannan rubutu tana goye da yaro, hannunta cikin ruwan wanki, kunnenta na ɗakin da surukarta ke kwance ba lafiya, ga 'yan kayan da take sayarwa jere a bakin ƙofa. Ita ce ta farkon tashi a gidan, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Da tarin irin waɗannan takardu muka koma ofis, muka tsara wa mata horon sana'a na yini sukutum, kwana uku a mako, sannan muka zauna muna mamakin abin da ya hana su zuwa. Har yau ina jin kunyar layin nan da na rubuta.

Kuskuren bai tsaya a kaina ba. Yawancin awon talauci gida yake ƙirgawa a dunƙule: a tara abin da gidan ya samu ko ya kashe, a raba da yawan mutanen ciki, kamar kowa rabonsa daidai yake. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da abinci bai isa ba ya san wadda ke cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba, ya kuma san wadda za a fara cirewa daga makaranta idan hannu ya bushe. Ƙungiyar da ke neman adalci tsakanin maza da mata sai ta leƙa cikin gidan da tambayoyi uku: wa ke yin aikin, wa ke da kayan, wa ke yanke shawara. Matakan da ke tafe hanya ce ta samo amsar ba tare da an cutar da kowa ba, da kuma mayar da ita aiki.

Da gangan na ce adalci. Idan kun kira taro kun ce ƙofa a buɗe take ga kowa, kun daidaita. Idan kun sa taron a lokacin da mata ke samun sarari, kusa da gida, da mai riƙe musu yara, kun yi adalci, domin yanzu ne za su iya shigowa ta ƙofar.

Mataki na farko: ku tsayar da tambaya ɗaya

"Halin da mata ke ciki" kanun rahoto ne kawai, ba a iya bincika shi. Abin da ake bincika shi ne irin wannan: me ke sa 'yan mata barin makaranta tsakanin shekara 12 zuwa 15 a wannan yanki? Cikin ribar da mace ke samu a sana'arta, nawa ke kwana a hannunta? Awa nawa ɗiban ruwa ke ci mata a rana? Ku zaɓi ɗaya, kuma ku zaɓe ta tare da matan da abin ya shafa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ku tambayi kanku: in mun sami amsar, me za mu yi da ita, wa kuma zai iya gyara wani abu? In ba ku da amsa, ku bar mutane su huta. Talakawa sun gaji da amsa tambayoyin da ba sa dawowa da komai.

Kafin ku fita, ku duba abin da aka riga aka tattara: ƙidayar jama'a, binciken lafiyar iyali na DHS, na UNICEF da ake kira MICS, rajistar makarantu da ta asibitoci. Ku kuma tace alƙaluman da za ku ɗauka. Za ku yi ta cin karo da maganar cewa kashi 70 cikin 100 na matalautan duniya mata ne. Tun shekarun 1990 take yawo daga rahoto zuwa rahoto, amma masu bin diddigi sun kasa samo ƙidayar da ta tsaya a kai. Kada ku sa ta a takardarku, domin ranar da wani ya kama ku da ita, sauran maganarku ma ta zube. Akwai alƙaluma masu tushe da suka ishe ku. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ke yin sama da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali da ba a biya, wato awa 4 da minti 25 a rana, maza kuwa awa 1 da minti 23. A wannan shekarar kuma nazarin Bankin Duniya da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin shekara 25 zuwa 34, shekarun haihuwa da goyo, mata 122 ne ke zaune a gidajen matsanancin talauci a madadin kowane maza 100.

Mataki na biyu: ku shiga ta ƙofa, amma kada ku tsaya a zaure

Ku fara da shugabannin wurin, ku faɗa musu ko ku su wane ne, me kuke nema, me kuma ba za ku iya yi ba. Wannan na ƙarshe ya fi nauyi. Muddin mutane suna zaton rabon kaya za a yi bayan tambayoyi, kowa zai amsa abin da yake ganin zai sa sunansa ya shiga jeri.

Izinin shugaba dabam, zaɓen waɗanda za ku yi magana da su dabam. In kun bar masa zaɓi, zai kawo muku masu baki da 'yan uwansa, kuma ba lallai da mugun nufi ba, su ya sani. Wadda ta fi kowa talauci ba ta zuwa taro. Ko tana aikatau a gidan wani, ko ba ta da suturar fita, ko ƙafarta ba ta kai ta, ko ta daɗe da yanke ƙaunar a saurare ta. Ku zauna da 'yan rukuni kaɗan, kowane dabam, su faɗa muku da bakinsu alamun gidan da ke da rufin asiri da na wanda ba shi da shi, su jera gidajen a kan haka, sannan ku kwatanta jerin rukunonin. Ku nemi matan da mazansu suka rasu ko suka sake su, da 'yan matan da aka aurar da ƙuruciya, da 'yan gudun hijira. Game da naƙasa, kada ku tambaya "akwai naƙasasshe a gidan nan?", don kunya za ta sa a ce babu. Tambayoyi shida na Rukunin Washintan, wani rukunin masana ƙididdigar naƙasa, sun fi kamawa: ana tambayar wahalar gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufafi, da fahimtar magana.

Ku ɗauki mata daga cikin al'ummar su zama 'yan bincike tare da ku, ku horar da su, ku kuma biya su. Abin takaici ne ƙungiya ta zo yaƙi da aikin da mata ke yi kyauta, ta ƙare da ɗora musu wani kyautan. Sai dai a zancen da ya shafi sirri, kada mace ta yi wa maƙwabciyarta tambaya. Ku sauya musu unguwa.

Mataki na uku: ku gina kariya tun kafin tambayar farko

Wannan mataki ba na yarda a tsallake shi ko da lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mace ɗaya cikin uku, kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na jima'i a rayuwarta. Ma'ana, ko da a kan sana'a kuke tambaya, cikin matan da ke gabanku akwai wadda amsarta za ta iya jawo mata duka da dare idan ta koma kunnen da bai kamata ba.

Tun 2001 hukumar ta fitar da ƙa'idojin bincike kan cin zarafin mata a gida, kuma ina ganin kowace ƙungiya ta san su ko da ba wannan take bincika ba. Mace ɗaya kawai ake yi wa irin waɗannan tambayoyi a gida ɗaya, don kada sauran su san abin da aka tambaya. Ana yi a keɓe, babu miji, babu suruka, babu yaron da ya iya magana. Ga jama'a, binciken na lafiyar mata ne da rayuwarsu, ita kaɗai za a yi wa cikakken bayani idan an keɓe. Mai tambaya tana riƙe da wasu tambayoyin na ko-ta-kwana, kan riga-kafin yara misali, da za ta koma kansu nan take in wani ya shigo. Kuma kafin a fara, sai an tanadi inda za a tura wadda ta nemi taimako: asibiti, mai ba da shawara, lauya, mafaka. Ku je ku ga wuraren da idonku, ku tabbatar suna aiki. In babu inda za ku tura ta, kuma ba ku da ƙwararru, kada ku buɗe ciwon da ba za ku iya ɗaurewa ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Yardar mace kuwa daga bakinta take fitowa, da harshenta, bayan ta ji cewa tana iya cewa a'a, ko ta tsaya a tsakiya, ba tare da ta rasa komai ba. Yardar maigida ba ta maye tata. Sunaye a ajiye su dabam da amsoshi, a yi aiki da lamba. Hoto kuma kada a ɗauka sai ta san inda zai je, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Mataki na huɗu: kayan aikin da ke buɗe cikin gida

A nan ne aikin yake da daɗi, a nan ma nake so ku daɗe.

Ku fara da agogon yini. Ku raba mata da maza, kowane rukuni da wurinsa. Ku zana babban da'ira a ƙasa, ku ba kowa tsakuwa 24, kowace tsakuwa awa ɗaya. Kada ku ce "me kike yi kullum?", ku ce "jiya, daga farkawa, me kika fara yi? Daga nan fa?" Jiya tana da gaskiyar da "kullum" ba ta da ita. Bayan kowace amsa ku ƙara tambaya: "Kina yin wannan, akwai wani abin da kike haɗawa da shi?" Da wannan tambayar ce renon yara da jinyar marasa lafiya ke fitowa, domin mata ba sa lissafa su a aiki, a gefen wani aikin suke yin su. Ku maimaita a lokutan shekara dabam-dabam, don watan da aikin gona ko na kasuwa ya yi zafi ba ɗaya yake da sauran ba.

Ranar da na fara ganin an ajiye da'irar mata kusa da ta maza, wani dattijo ya tsuguna ya ƙirga tsakuwan hutun mata, ya sake ƙirgawa da yatsa ɗaya-ɗaya, sannan ya ɗago ya ce, "Malama, ko dai an rage musu ne?" Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Malam, ƙirga na wanki da na ruwa, can suka tafi." Ya ƙirga. Bai sake cewa komai ba har aka tashi, amma da aka zo maganar gyaran famfo shi ya fara ɗaga hannu. Da lacca na yi masa da ya musa, amma gani ya kori ji.

Na biyu shi ne jadawalin amfani da mallaka. Ku jera kadarori: gona, dabbobi, waya, keke, kayan sana'a, kuɗin ajiya. A kan kowanne ku yi tambaya biyu. Wa ke amfani da shi? Wa zai iya sayar da shi ko ba da shi jingina ba tare da neman izini ba? Tsakanin amsoshin nan biyu talaucin mata ke ɓuya. Mace na iya shekara ashirin tana noma fili, ranar da miji ya rasu ta tarar ba ta da ko taku ɗaya a ciki.

Na uku, yanke shawara. "Wa ke yanke shawara a gidanku?" tambaya ce da ke jawo amsar ladabi. Ku kama abin da ya faru: "Karo na ƙarshe da yaro ya yi zazzaɓi, wa ya ce a kai shi asibiti? Kuɗin daga aljihun wa? An jira wani ya dawo kafin a tafi? Kwana nawa?" Idan ta ce "tare muke yankewa", ku bi a hankali: in ra'ayi ya saɓa, na wa ake bi?

Na huɗu taswirar zirga-zirga ce. Ta zana gidanta a tsakiya, ta nuna inda take zuwa ita kaɗai, inda sai da rakiya, inda sai da izini, inda take tsoro. Sau da yawa a nan za ku gane cewa asibitin da ke kusa a takarda yana bayan hanyar da ba mace mai bi bayan faɗuwar rana.

In kuna son ma'aunin da aka riga aka gwada, ku dubi WEAI, ma'aunin ikon mata a harkar noma, wanda cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI da cibiyar nazarin talauci ta Jami'ar Okasfod da hukumar raya ƙasashe ta Amurka suka fitar a 2012 don mata manoma. Yana auna abu biyar: shawara kan noma, mallakar kadara, iko da kuɗin shiga, shugabanci, da lokaci. Ana tambayar mace da namijin gida ɗaya, kowa dabam, a kwatanta. A ma'auninsa, wadda ta wuce awa 10 da rabi tana aiki a yini nauyi ya yi mata yawa. Ba sai kun ɗauke shi duka ba, ku tsinci abin da ya dace da tambayarku.

Kowace takardar tambayoyi ku gwada ta da mutum biyar ko goma kafin ku buga da yawa. Ku kuma rubuta jinsi da shekarun kowane mutum, kada ku tsaya ga na maigida. In ba haka ba, ba za ku iya raba alƙaluman daga baya ba.

Mataki na biyar: ku mayar musu da abinsu

Bayanan nan na waɗanda suka ba da su ne. Kafin masu ba da tallafi su ga rahoto, matan su fara ji, da zane da baki, ba tare da sunan kowa ko labarin da za a iya gane mai shi ba. Ku tambaye su: haka ne? Me muka fahimta a karkace? Me muka manta? Za su gyara ku, kuma gyaran nan ya fi rabin binciken daraja. Daga nan su yanke abin da za a faɗa a taron kowa da kowa, da wanda zai faɗa. Sannan su jera matsalolin, kowace ta jefa tsakuwarta a ɓoye kan wadda ta fi damun ta, don in an ce a ɗaga hannu, idon kowa kan matar mai faɗa-a-ji zai koma.

Mataki na shida: ku zaɓi aikin da zai tsaya a hannun mace

Masu bincike biyu, Maxine Molyneux a 1985, da Caroline Moser bayanta, sun raba buƙatun mata gida biyu. Akwai na yau: ruwa, makamashin girki, magani, wurin ajiye yara. Akwai na asali: mallakar fili, kariya daga duka, kujera a inda ake yanke hukunci. Shawarata ita ce ku fara da na yau, amma ku gina na asali a cikinsa. UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a 2023, cikin gidaje 10 da ba su da ruwa a harabarsu, mata da 'yan mata ke ɗebowa a 7. To in za ku gyara rijiya, ku sa mata a kwamitinta, har da kujerar ma'aji, su kuma zaɓi inda za a haƙa. Indiya ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye daga 1993, kuma binciken Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo na 2004 a jihohin Bengal ta Yamma da Rajastan ya gano cewa ƙauyukan da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha.

Abin da ƙungiyoyi suka fi gaggawar yi shi ne rance, kuma a nan nake so ku taka a hankali. Bankin Grameen na Bangaladash, da aka kafa a 1983, ya sa duniya ta yarda cewa mace talaka tana biyan bashi, kuma gaskiya ne. Amma a 1996 Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta sun bi rancen mata a wannan ƙasa, suka tarar kaso mai yawa na kuɗin maza ne na gida ke juya su, bashin kuwa yana wuyan matar. A 2015 kuma an buga gwaje-gwaje shida daga ƙasashe shida, sakamakonsu ya zo kusan ɗaya: rance na taimaka wa wasu masu sana'a, amma a dunƙule bai fitar da mutane daga talauci ba. Ga wadda ba ta da abincin gobe, bashi ƙarin kaya ne.

Ga irin wannan, tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara a 2002 ya fi dacewa. Ana ba ta jari kyauta, kamar dabbobi ko kayan sana'a, da horo, da ɗan tallafin ci na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar da jarin, da hanyar ajiya, da ziyarar mai ba da shawara a kai a kai, har kusan shekara biyu. An gwada shi a Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Fakistan da Peru a gidaje sama da 10,000, aka buga sakamako a 2015: abinci da kadara da kuɗin shiga sun ƙaru, kuma ribar tana nan shekara guda bayan an janye. A Honduras ne abin bai yi ba, domin cuta ta kashe yawancin kajin da aka raba. Darasin a fili yake, kafin ku raba dabba ku san mai yi mata allura. Tsarin yana da tsada, don haka gara ku yi wa gida talatin cikakke da ku yayyafa wa ɗari uku.

In ƙarfinku bai kai nan ba, ƙungiyar asusu ba ta buƙatar jarinku. Ƙungiyar agaji ta CARE ta fara irinta a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, yanzu ta bazu ƙasashe da dama. Mata 15 zuwa 25 ne ke zaɓar junansu, su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da ta iya, su ranta wa juna, su ware wani abu don ta-ɓaci. Akwatin na da kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku, akwatin kuma yana gidan ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Bayan wata tara zuwa shekara a raba. Naku shi ne horo da littafin lissafi. Kuma kada ku bar zaman ya tsaya a ƙirga kuɗi. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, shirin IMAGE ya haɗa rance da zaman tattaunawa kan zaman aure, iko da cutar ƙanjamau, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cin zarafi daga mazaje ya ragu da kashi 55 cikin 100 cikin shekara biyu.

Mataki na bakwai: maza

Namiji talaka shi ma a matse yake, kuma in ya ga baƙi sun zo sun keɓe matarsa ba wanda ya ce masa uffan, zargi zai shige shi, ita kuma za ta biya. Ku yi magana da maza tun ranar farko, da bakin mazan da suke girmamawa. Shirin SASA!, da ƙungiyar Raising Voices ta tsara a Kampala ta Yuganda, bai fara da ɗora laifi ba. Da zancen iko ya fara: yaushe aka taɓa danne ka, yaya ka ji, yaya kake amfani da naka ikon a gida? Mutanen unguwa, maza da mata, su ke jan hirar shekara da shekaru. Sakamakon 2014 ya nuna duka ya yi ƙasa da kusan rabi inda aka yi shirin, ko da yake unguwanni takwas kacal aka kwatanta, don haka ku riƙe adadin da sauƙi.

A Ruwanda, shirin Bandebereho ya tara iyaye maza matasa zama 15, matansu kuma suna halartar wasu daga ciki. Binciken 2018 ya nuna duka ya ragu sosai, mazan kuma sun ƙara sa hannu a aikin gida da reno. Amma awannin da matan ke yi a aikin gida ba su ragu ba. Wannan layin na ƙarshe ya daɗe yana min yawo a kai. Ya nuna cewa namiji na iya ɗaukar tsintsiya, nauyin matar kuma yana nan, saboda aikin ya fi ƙarfin mutum biyu in babu ruwa kusa, babu wutar girki mai sauƙi, babu inda za a ajiye yaro.

Ku kiyaye abu ɗaya: shigar maza kada ta cinye zaman mata su kaɗai, kada kuma ta cinye kasafinsu.

Mataki na takwas: ku kai maganar inda ake raba kasafi

Wasu matsalolin sun fi ƙarfin unguwa. Katin ba da maki na al'umma, da CARE ta ɓullo da shi a Malawi a 2002, hanya ce mai sauƙi. Masu zuwa asibiti ko makaranta su ba aikin maki, mata dabam, maza dabam. Ma'aikatan su ma su ba kansu maki. Sannan a haɗu gaba da gaba da jami'in da ke da iko, a fito da jerin abin da za a gyara, da sunan mai gyarawa, da ranar dubawa. Ku je da buƙata ɗaya bayyananniya a takarda shafi ɗaya, matan da abin ya shafa su yi magana da bakinsu, ku kuna baya. Ku tuna wa jami'in alkawarin da gwamnati ta riga ta ɗauka. Ƙasashe 189 sun shiga yarjejeniyar CEDAW ta 1979 kan kawar da wariya ga mata, wadda sashe na 14 nata kan matan karkara yake, kuma cikin muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, muradi na 5 ya ambaci aikin gida da ba a biya ƙarara.

Mataki na tara: ku auna, har da abin da ya ɓaci

Masu ba da tallafi za su tambaye ku mata nawa kuka horar. Ku ba su adadin, amma ku kanku kada ya ruɗe ku, don ƙirga kujeru ne kawai. Ku koma kan tambayoyin nan uku, na aiki da kaya da shawara, da kayan aikin da kuka fara da su, a irin lokacin shekarar da kuka yi awon farko. Jarin yana hannunta har yanzu? Wa ya kashe ribar watan jiya? Tsakuwan barcinta sun ƙaru ko sun ragu? Ku tambayi abin da ba kwa son ji: tun da kika fara sana'ar, wa ke riƙe miki yara? In amsar ita ce babbar 'yarta, ku je makaranta ku duba rajista, don mai yiwuwa kun ɗaga uwa kun kwantar da 'ya. Ku tambaya a keɓe ko maigida ya rage abin da yake bayarwa tunda ya ga tana samu, ko rigima ta ƙaru. In kuna iyawa, ku auna wata unguwa makamanciya da ba ku yi aiki a ciki ba, don kada ku ɗauki albarkar kyakkyawar shekara ku ce taku ce. Ku nemi waɗanda suka daina zuwa, ku zauna da su, su ne suka san inda shirin ke ciwo. Abin da ya lalace ku rubuta shi a rahoto kamar yadda aka rubuta kajin Honduras.

Ranar fitarku kuwa ku faɗe ta tun ranar shiga. Kafin ta zo, littafin lissafi da kwafin binciken da lambobin jami'ai su koma hannun matan, kuma a ce sun riga sun ja taro uku ko huɗu kuna zaune ba ku ce komai ba. Bayan wata shida ku dawo ba da sanarwa mai yawa ba, a ranar zaman asusu. In kun tarar ana buɗe akwati, ku zauna a baya ku saurara. In ba ku tarar da kowa ba, ku bi masu makullan nan uku gida-gida, kowace ita kaɗai, ku tambaye ta a wane mako aka daina zuwa, da abin da ya faru a makon da ya gabace shi.